Ƙwaryar Baba Dudu

Rahila, da ke zan fara, domin ke abin ya fi shafa. Iliya da Hannatu, ku ma ku karanta, kada wani ya ce bai ji ba. Uwarku ta kawo mini maganar da aka yi a gidan surukan Rahila ranar sunan ɗanta na biyu, wai wata ta nuna ta da baki ta ce ai ubanta ne aka kama da ƙwaryar burkutu a gonar arne, har aka hana shi ba da 'yarsa a coci. Ke kuma kika sunkuyar da kai, don ba ki da abin cewa. Ni ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba. Wannan laifina ne. Aji huɗu na tsaya a firamare, hannuna da cokalin gini ya saba, ba da biro ba. Amma na gaji da jin ana sake mini tarihi ina raye. Da farko dai, ba kama ni aka yi ba. Ban ɓuya ba balle a kama ni. Da rana tsaka na sha, a gaban mutum huɗu, kuma da aka tambaye ni da bakina na faɗa.

Kun san ni magini ne, da damina kuma manomi kamar kowa a ƙauyenmu na gindin dutse, bayan Zuru. Abin da ba ku sani sosai ba shi ne, kafin a haifi Hannatu ni mashayi ne na gaske. Haƙorin nan nawa na gaba da babu, ba guduma ce ta cire shi ba kamar yadda nake gaya muku kuna yara. A kwata na faɗi ranar kasuwa. Na daina, Yesu ya taimake ni, uwarku ta yi haƙuri. A shekarar da nake ba ku labari, na yi shekara goma sha tara giya ba ta taɓa bakina ba. Shi ya sa aka yarda da ni har aka ba ni shugabancin aiki a zumuntar maza. Duk Asabar da damina muna gayya a gonar ɗan ikkilisiya ɗaya, matan da mazansu suka mutu da marasa lafiya su ne a gaba, ni kuma nake faɗin gonar da za a je. Mata su dama mana kunu a jarka, mu yi noma muna waƙa, mu dawo. Na fi son aikin nan a kan duk abin da ake yi a coci, don ni ban iya doguwar addu'a ba. In aka ce in yi addu'a a gaban jama'a, gumi nake yi. Amma a ba ni garma a gani.

Baba Dudu kun san shi, tsohon nan mai gida a kan dutse, wanda kuke gudu in kun hango shi. Bai taɓa shiga coci ba, bai taɓa shiga masallaci ba, addinin kakanninmu ya riƙe har ya mutu. Kada ku ɗauka wani mai daɗin hali ne. Mugun baki gare shi. Ranar da aka yi mini baftisma ina saurayi, shi ya je ya zuga ubana Bawa, ya ce kada a ba ni ko kunya ɗaya a gonar gado tun da na bar hanyar gida. Shekara da shekaru in mun wuce za mu sujada, tofar da yawu yake yi. Ɗa ɗaya ya rage masa, Manu, soja kamar rabin 'ya'yan ƙasar nan. A shekarar nan Manu ya mutu a bakin daga can gabas. Gawa ba ta zo ba, jaka ce ta zo da takalma a ciki. Matar Manu ta kwashe yaranta ta koma gidansu wajen Sakaba. Mu 'yan coci muka sa kayanmu masu guga muka hau dutse gaisuwa, muka yi waƙa biyu, Fasto ya yi addu'a, muka ce Allah ya ba da haƙuri, muka sauko. A ganinmu mun gama.

Shekarar ce mutanen wajen Bena suka fara gudowa wurinmu saboda 'yan bindiga. Kowane gida cike da baƙi, kowa ta kansa yake yi. Wata Talata ina dawowa daga gini na yanke ta gefen gonar Baba Dudu. Ciyawa ta shanye dawa, sai ka duba da kyau kafin ka gane an yi shuka a wurin. Na ga ciyawa na motsi, na ɗauka akuya ce ta shiga. Shi ne. A zaune yake noma, a ƙasa, gwiwoyi sun ƙi ɗaukarsa, yana jan jiki daga kunya zuwa kunya da 'yar fartanya. Abin da ya nome tun safe bai kai faɗin tabarma biyu ba. Lokacin maimai ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san in aka ƙara mako biyu dawar nan ta tafi. In ta tafi, tsohon ba shi da abin sawa a baki har wata kaka. Ran Lahadin da ta wuce Fasto ya yi awa guda yana mana wa'azi a kan ƙaunar maƙwabci, duk muka amsa da amin mai ƙarfi, har da ni. Na tsaya a bakin gonar, amin ɗin nan tawa tana cin raina.

Ran Alhamis a taron zumunta na kawo maganar. Dattijo Bitrus, babban dattijon ikkilisiya, tsohon soja ne da ya yi ritaya da igiya uku, kuma har yau bai yarda ya bar bariki ba. Ya ɗaga mini hannu tun ban gama ba.

"Asabar ɗin nan an riga an ba da ita. Manyan baƙi na zuwa taro daga Zuru. Za a jera duwatsu daga bakin hanya har ƙofar coci, a shafa musu farar ƙasa."

Na ce, "Dattijo, duwatsun ba za su mutu ba in sun jira mako ɗaya."

"Gayya ta 'yan ikkilisiya ce. Shi namu ne?"

"Maƙwabcin da aka yi mana wa'azinsa ran Lahadi, an ce sai namu?"

"Ayuba, kai magini ne, ba fasto ba. Mutumin da ke tofar da yawu in ya gan mu! Ya tuba tukuna, sai mu nome masa har tsakar gida."

Ishaya mai faci, abokina tun muna samari, yana can baya ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Dattijo, kafin Baba Dudu ya tuba ai ciyawar nan ta yi jikoki."

Aka yi dariya, Dattijo bai yi ba. Na ce tun da ni ke faɗin gona, ran Asabar gonar Baba Dudu ce, mai son duwatsu ya je duwatsu. Mun fi talatin a zumunta. Shida suka biyo ni.

A nan ne na yi kuskuren da ya jawo duk sauran, kuma shi ne kuskuren da babu wanda ya taɓa tuhumata a kansa. Muka tafi da sassafe, jarkar kunun uwarku ɗaure a bayan mashin ɗin Ishaya. Ba mu hau gidan tsohon ba. Muka faɗa gona kai tsaye muka kama noma muna waƙa, muna jin daɗin kanmu, wai zai fito ya ga abin mamaki. Ya fito kuwa, yana dogara sanda.

"Wa ya kira ku?"

Na ce, "Baba, taimako muka kawo."

"Ɗan Bawa, mene ne wancan a jarka?"

"Kunu ne, Baba, na masu aiki."

"Kunun gidan wa?"

"Na gidana."

Ya dubi jarkar. Sannan ya ce, "Kun shigo gonata ba ku gaishe ni ba, kun zo da abin shanku. Wato na mutu ke nan, ku ne magada? Ɗana ne ya mutu, ba ni ba! Ku fita!"

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗebi hoge ya fara jifanmu. Mutum uku suka saɓa fartanyarsu, ɗaya ya ce mini, "To ka gani, mai maƙwabci," suka wuce wajen shafa wa duwatsu farar ƙasa. Ni zuciyata ta yi baƙi, ina ta zagin tsohon a raina. A hanya Ishaya ya tsayar da mashin ya juyo.

"Magini, mu muka yi abin kunya. Damina bakwai na bi ka golmo a gonar uban matarka Saratu. Yaushe ka taɓa ganin mun je da ruwan shanmu?"

Ku golmo a baki kawai kuka san shi. Saurayi da abokansa su yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi ita. Haka na sami uwarku. A ƙauyenmu, ko golmo ko gayya, mai gona ne ke shayar da masu aiki, kuma ƙwaryar farko ta shugaban aiki ce, daga hannun mai gona zuwa hannunsa. In ka karɓa, ka shaida shi maigida ne, kai kuma ya kira ka ka amsa. In ka ƙi, ko ka zo da naka, ka faɗa wa duniya ba shi da komai, sadaka kake masa. Na san wannan tun ban fara aske gemu ba. Zaman coci ne ya mantar da ni, domin mun saba taimakon mutane ta hanyar da ta yi mana daɗi, ba tare da mun tambaye su ba.

Ran Lahadi da la'asar na hau dutse ni kaɗai. Na cire hula, na durƙusa, na gaishe shi da yarenmu na C'lela yadda ake gaida uba, na ce mun yi wauta. Ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi. Daga baya ya ce mu zo ran Asabar, kafin nan giya ta nuna. Na ce, "Baba, ka san ba ma sha. Ko ruwa ka ba mu ya isa."

Ya ce, "Mutum bakwai suka shiga gonata suka zage ni. Ba da ruwa ake wanke wannan ba. Kai kaɗai za ka karɓa. Sauran su sha na matarka."

Kun ga ke nan ba mamayata aka yi ba. Kwana shida na yi ina juya maganar, kuma ban gaya wa uwarku ba, wanda shi ma laifi ne. Ran Asabar mu huɗu muka je: ni, Ishaya, da wasu biyu da ba zan rubuta sunansu ba don har yau suna jin tsoro. Wannan karon gida muka fara zuwa. Da na leƙa rumbunsa zan ɗauko fartanya, na ga ƙasan rumbun. Ashe 'yar dawar da ta rage masa ta ci ita ya ba ƙanwarsa, wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da shi, ta dafa giyar. Mutum ya zaɓi yunwa don kada a ce masa maroƙi. Ya sauko gona sanye da takalman sojan Manu, sun yi masa yawa, ya zauna gindin ɗorawa yana ba da umarni kamar mai ma'aikata ɗari.

"Kai mai faci, wannan kunya ce ko hanyar maciji?"

"Baba, taya na saba gyarawa."

"Na gani. Allah ya tsare masu hawanta."

Da rana ta take ya kira ni. Ya cika ƙwarya daga tulu, ya ɗan zuba a ƙasa yana kiran sunayen iyayensa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe Manu ya kira. Sannan ya miƙo mini da hannu biyu. Ba zan yi muku ƙarya ba, da warin ya bugi hancina maƙogwarona ya gane tsohon abokinsa, kuma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a kan tsani ba. Na dubi dawar da muka fara fitarwa daga ciyawa, na dubi hannun tsohon, giyar na zuba a kan takalman ɗansa. Na ce da ƙarfi, kowa ya ji, "Yesu, ka san abin da ya kawo ni nan." Na yi kurɓa ɗaya, na mayar masa. Ɗaya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, yanzu ku yi mini noma." Can ya ce a ɗanɗana masa namu na jarka. Ya kurɓa ya yatsine fuska ya ce wannan ai na masu jego ne, sannan ya shanye kofi biyu.

Kafin mu sauko, labari ya riga mu gida. Ƙanwarsa ce ta faɗa a bakin famfo, ita da alfahari, wai shugaban 'yan coci ya sha na hannunta. Daga famfo zuwa kasuwa kurɓa ɗaya ta zama tulu guda. Kafin magariba an ce har na durƙusa wa tsafi. Na tarar da uwarku tsaye a ƙofar gida.

"Baban Iliya, matso. Huro mini numfashinka."

Na huro. Ta zauna a ƙasa a wurin ta fashe da kuka. Ta ce, "Shekara goma sha tara ina gode wa Allah kullum. Ka manta wa ke ɗauko ka daga kwata? Ga bikin Rahila bayan kaka. Da wane ido zan dubi surukai?"

Ita kam ta isa ta yi fushi, ban taɓa ganin laifinta ba. Waɗanda nake ganin laifinsu su ne waɗanda suka kira ni ofishin Fasto ran Laraba, su biyar a kan kujeru, ni a tsaye. Dattijo Bitrus ne ya yi tambaya.

"Ka sha ko ba ka sha ba?"

"Na sha."

"An zuba wa matattu kafin a ba ka, ko ba a zuba ba?"

"Ya kira sunan ɗansa."

"Fasto, ka ji da kunnenka. Magana ta ƙare."

Na ce, "Ba ka tambaye ni don me ba."

"A soja ba a tambayar don me."

"Nan ba bariki ba ne, Dattijo. Kuma tun da muka shigo, ko mutum ɗaya bai tambaya ko dawar ta tsira ba."

Fastonmu na lokacin matashi ne, sabon zuwa, ba shi da mugunta, tsoron dattawa kawai gare shi. Ya ce, "Baba Ayuba, ka taimake ni. Samari suna kallonka. Gobe wani zai sha ya ce ai shugaban aiki ma ya sha." Wannan maganar tana da gaskiya, na kuma faɗa masa haka. Na ce zan tsaya gaban ikkilisiya in ce na sha, in ce kada kowa ya yi koyi da ni, a sa ni horo in karɓa. Da a nan suka tsaya da ba ku karanta wannan takardar ba. Amma suka ce sharaɗi biyu ne. Na farko in furta laifi, horon wata uku, a dawo da ni kafin biki. Na biyu in yi alkawari a gaban Allah da jama'a cewa ƙafata ba za ta sake taka gona ko gidan Baba Dudu ba. In na ƙi, horo ba ranar fita. Wanda ke ƙarƙashin horo kuwa kun san dokarmu: bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci, ba tsayawa a gaba don komai, ko da ba da 'yarsa aure ne.

Na ce, "Sauran rabin gonar wa zai nome? Wa zai girbe?"

Dattijo ya ce, "Allah zai tanada."

Na ce, "Ya tanada ai. Mu ne. Ka tura mu fentin duwatsu."

Rahila, kin tuna da yammacin da kika same ni ina wasa lauje a bayan gida. Kika durƙusa kika ce, "Baba, ka ce musu to kawai. Bayan biki sai ka koma, wa zai hana ka?" Na ce miki girbi zai riga biki, in dawa ta nuna ba ta jira, ga birai daga dutse ga tsuntsaye. Na ce kuma ba zan tsaya gaban Allah in yi alkawarin da na san zan karya ba. Kika ɗago kika dube ni kika ce, "To ni fa, Baba? Ni ba maƙwabciyarka ba ce?" Ban ba ki amsa ba a ranar. Ba raini ba ne. Ba ni da ita ne.

Ran Lahadi aka karanta sunana. Na ɗauki hulata na koma bencin baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Daga can ana ganin abubuwa da yawa. Na ga faranti na jibi yana wuce ni yana zuwa hannun mutanen da na sha gani suna fitowa ta ƙofar bayan wani shago a Zuru suna tauna citta. Su nasu a kwalba yake, a ɗaki, ba a ƙwarya ba, shi ya sa ba laifi. Na ga mutanen da na nome wa gona shekara da shekaru suna kau da kai in mun haɗu a ƙofa. Farar ƙasar nan ta duwatsu kuwa, ruwan farko da aka yi bayan baƙin sun tafi ya wanke ta tas. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba a taɓa daina wa'azin ƙauna ba. Kowace Lahadi ana yi, ana amsa amin, ga mutum a kan dutse da za ka iya hango rufin ɗakinsa ta tagar coci. Ni da Ishaya muka ƙarasa maimai, muka yi huɗa, da yamma bayan aikinmu. Ban sake shan ko ɗigo ba, tsohon kuma bai sake miƙo mini ba. An riga an wanke abin da za a wanke. Da kaka muka yi kwana uku muna yanka. A rana ta uku na ɗago na ga uwarku ta shigo gona da gammo a hannu. Ta ɗauki dami ta kama hanyar dutse. Dami goma sha ɗaya muka zuba masa a rumbu.

Ranar biki ƙanena Yohanna ne ya riƙe hannunki. Da Fasto ya tambaya wa ya ba da wannan 'ya, Yohanna ya ce shi ne, ni ina bencin baya sanye da babbar rigar da na ɗinka don tsayawa a gaba. Bayan mayafinki kawai na gani. Sau ɗaya kika waiwayo, na san ni kike nema, kawunan mutane suka tare. Ina cikin haka na ji ana ƙwanƙwasa tagar da ke gefena da sanda. Baba Dudu ne. Ishaya ya sauko da shi a mashin, da dami guda na dawa. Ya ƙi shiga, ya zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun Dattijo, waɗanda aka sake shafa wa farar ƙasa don Kirsimeti.

"Ɗan Bawa, me kake yi a baya kamar baƙo? Ba 'yarka ba ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Saboda ƙwaryata?"

Ya dubi cocin tun daga ƙofa har rufi, ya tofar da yawu kamar yadda ya saba, ya ce, "Ga dawa nan. A kai wa yarinya, daga gonarmu." Gonarmu ya ce. Da ya miƙe, duk bayan wandonsa fari fat, Ishaya na kakkaɓe masa, shi kuma tsohon yana zaginsa. Tuwon farko da kika tuƙa a gidan mijinki, Rahila, da dawar nan kika tuƙa shi. Uwarki ce ta sussuka ta sa miki a cikin kaya, ba mu gaya miki ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka kawo sabon fasto. Wata Lahadi aka sanar an ɗage mini horo, tsakanin sanarwar taron mata da ta wata lema da aka manta a coci. Babu wanda ya ce an yi kuskure, ni ma ban ce na tuba daga hawa dutse ba. Shugabancin aiki ba a mayar mini ba. Idan kuna jira in ce Baba Dudu ya karɓi Yesu a ƙarshe, to bai karɓa ba. Na yi masa magana sau biyu, ya ce in yi noma in rufe baki. Yadda ya rayu haka ya mutu, ni da Ishaya muka haƙa kabarin. Muna saukowa da ƙasa a jikinmu muka haɗu da Dattijo Bitrus, ya ce, "To Ayuba, ga shi ya tafi bai tuba ba. Me ka samu?" Na ce, "Ya ci tuwo shekara biyu a gidansa, ba a ƙofar kowa ba." Hukuncin ransa ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun Dattijo ba. Ciyawa ce aka nuna mini, ita na nome.

Yanzu ga amsar da na riƙe miki shekara biyar, Rahila. E, ke ma maƙwabciyata ce, mafi kusa. Ni na yanke shawara, ke kika biya rabin kuɗinta da ranar da ba za ta dawo ba, kuma ban ma zauna na roƙe ki ba. Wannan ki yafe mini. Amma ƙwaryar kam ba zan nemi gafarar kowa a kanta ba, kuma da za a sake miƙo mini ita a gindin ɗorawar nan, zan sake karɓa. Kafin Baba Dudu ya mutu ya sa ƙanwarsa ta kawo mini ita. Uwarku ta wanke ta da toka har sau uku. Ita ce mai ɗinki a baki, wadda take ɗebo tsaba da ita daga rumbu. Duk kun ci abin da ta ɗebo. In wata ta sake nuna ki da baki, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce mata e, ubana ya sha, kurɓa ɗaya. Sannan ki tambaye ta gonar wa ta taɓa nomewa.